Kaskon Wuta da Itacen Jego

A ƙauyenmu, can gindin duwatsu bayan Doguwa, ba a sayen itace, ba a kuma tattalinsa. In ɗari ya sauka, kowane magidanci gungume yake jawowa ya cusa kansa a tsakiyar ɗaki, ya bar shi ya yini yana ci, ya kwana yana ci, ko da mutum a ɗakin ko babu. Jinkar ɗakunanmu baƙa ƙirin da hayaƙi, idanunmu jajaye har bazara, kuma alfahari muke yi da hakan. In muka ji labarin mutanen wajen Bebeji da Kiru suna tuƙa tuwo da kara, dariya muke yi musu, mu ce Allah ya kyauta. Ni na fi kowa wannan dariyar, sai ga shi Allah ya ba ni mata daga Ƙofa, can ƙasar Bebejin.

Yadda na same ta ba dogon labari ba ne. Mahaifina ya yi fataucin man kaɗe da daddawa zuwa can, yana da masauki a garin, na raka shi sau biyu, na ga 'yar mai masaukin, ita ma ta gan ni, shi ke nan. Duk wannan 'yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kai, lokacin ina ji da ƙarfi, ga girman kai kamar ni na kafa duwatsun.

A al'adarmu, in mace ta haihu sai ta yi wankan jego kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa a ƙatuwar tukunya, ana tsoma ganyen runhu ana fyaɗa mata a jiki. Itacen wannan wanka kuwa a wuyan miji yake. Likitocin yanzu sun ce zafin ya yi yawa, ni ban musa musu ba. Amma abin da muka sani a lokacin shi ne, macen da wankanta ya yanke sanyi zai shige ta ya zauna mata a ƙashi. Duk wanda ya gifta ta bayan gidanka kuma, da tarin itacen yake auna irin mijin da kake.

Haihuwar fari a gidan iyayenta ta yi, kamar yadda aka saba. Mai hankali da kuɗi zai aika a sayi itace a can. Ni kuwa na ce, mutumin Doguwa ya sayi itace, a ji a ina? Na aro jakuna uku na haɗa da namu, na labta musu busasshen marke, na kora su kwana uku ta Tudun Wada har Ƙofa, ina tafe ina hura hanci. Na sauke a ƙofar gida na dawo ina jiran yabo. Ashe kayan jaki huɗu a gindin tukunyar jego ɗanɗane ne. Kafin kwana goma sha biyar ya ƙare, aka ƙarasa wankan da kara da busasshen kashin shanu. Surukata ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Saƙo ta ba wani mai zuwa wajenmu: "A gaishe shi da ɗawainiya. A ce masa turaren wutar da ya kawo ya yi ƙamshi." Shi kuma bawan Allahn bai tashi isar da saƙon ba sai a zaure, gaban jama'a. Na shekara biyu ina shan tsiya a kan wannan magana.

To, da ciki na biyu ya bayyana, aka ce a gidanmu za ta haihu, kuma da yake ba mu da tsohuwar da za ta yi mata wankan, surukar tawa ce da kanta za ta zo. Lissafi ya nuna a tsakiyar ɗari haihuwar za ta faɗo. Ranar da na ji haka na ɗaura aniya tsakanina da Allah: wankan nan sai ya kai arba'in da itacena, tsohuwar nan tana gani da idonta.

Tun ana noman farko na fara. Duk ranar da gona ta ba ni sarari sai in saɓa gatari in shiga daji neman matattun itatuwa da suka bushe a tsaye, ƙirya da marke da kaɗanya. Manyan da suka fi ƙarfin jaki, wani Bafulatani abokina da ke ruga bayan rafi yakan ara mini takarkari in jawo su. Kafin a gama girbin gero na tara abin da ya zarce danga tsayi a bayan ɗakin mai ɗakina. Da yamma nakan je in tsaya a gabansa, hannu a ƙugu, ba don komai ba sai don in kalla. Ita kuma ta leƙo ta ce, "Malam, ya gaishe ka?"

Sai ɗari ya sauka, irin na muku-muku, wanda ruwan randa ke cizon haƙori. Ya kuma sauka ana tsakiyar girbin dawa, babu wanda ke da lokacin shiga daji. Ɗan itacen gida ya ƙare cikin mako guda. Wata safiya na fito na tarar da Baba tsaye gaban tarina. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya sa hannu a kan gungumen ƙiryar da na kwana biyu ina sara, ya ce, "Madalla da ɗa." Ya jawo shi ya nufi zaure, inda tsofaffin unguwa ke taruwa hira da safe.

Me zan ce? Uba ne. Na ce, "Sannu, Baba, bari in kama muku." Na kama masa da hannuna, raina yana tafasa.

Baba wuta biyu yake ci, ta zaure da ta ɗakinsa. Da yayana ya ga Baba ya buɗe hanya, shi ma ya bi, sashensa ɗaki biyu ne. Kowa ya zo ɗauka sai ya yaba mini tukuna, wai ban taɓa yin abin kirki irin wannan ba. Kwana goma tarin ya sauko daidai kafaɗata. Na daina zuwa kallonsa da yamma, don in na je tuwo ba ya shiga.

Wata rana bayan magariba na kasa haƙuri, na sauke wa mai ɗakina. Na zagi rashin tunanin yayana, na zagaya na taɓa tsofaffin zaure masu gasa ƙafa a wutar da ba su san zafin sararta ba, na tsaya daf da Baba na ja birki. Tana zaune ta miƙe ƙafafu saboda nauyin ciki, tana ɓare gyaɗa, ta bar ni na gama tsaf.

Ta ce, "Malam, yau wa ya yini a turakarka?"

Na ce, "Wa zai yini? Ai ina gona."

"To wutar da ke ciki wa ta yini tana ɗumamawa?"

Gaskiyar masu magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Gungume uku na ƙone a ɗakina a kwanakin nan, duk daga tarin, kuma ban taɓa sa su cikin waɗanda nake jin haushi ba.

Sai ta sa ƙafa ta turo mini wani abu daga gefen gado. Kaskon wuta ne na yumɓu, faɗinsa bai fi akushi ba, da 'yan kunnuwa biyu na riƙewa, a zaune kan gammo. Cikin kayan ɗakinta ya zo. Na sha ganinsa, ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba, tarkacen mata ne a wurina. Sai a lokacin na lura ɗakinta babu gungume, babu hayaƙi, amma inda muke zaune ɗumi ne har na cire mayafi ban sani ba.

Ta ce, "Ku nan ɗaki kuke ɗumamawa. Mu a garinmu mutum muke ɗumamawa, shi ne mai jin sanyin."

Ta nuna mini yadda suke yi. In an sauke tuwo, garwashin da mu muke watsa wa ruwa ko mu bari ya mutu a murhu, shi za a kwasa. Sai an bari ya gama hayaƙi ya yi jajir. A shimfiɗa toka a ƙasan kaskon, a zuba shi, a yayyafa masa wata tokar a kai don kada ya ci kansa da sauri. In ya yi sanyi sai a ɗan tona da tsinke, ya sake buɗe ido. Ka tashi daga nan ka koma can, ka ɗauki abinka ka tafi da shi. Ba a ƙara ko tsinken itace a kan wanda aka riga aka ƙona don girki. Ta ƙara da cewa ba a toshe ƙofa in yana ciki, ba a kuma sa ɗanyen gawayi.

Na karɓa ina gunaguni, don kada ta ga na sauko da wuri. Washegari na kashe gungumen turakata da kaina. Kwana biyu na gane abin yana yi, har na fara jin daɗin tashi da asuba ido ba yaji. Amma nawa ɗaki ɗaya ne. Babban maci Baba ne, kuma in Baba bai bari ba, babu mai bari.

Na ce mata, "Baba ba zai taɓa yarda ba. Zai ce kasko na tsofaffin mata ne."

Ta ce, "Ai ba za a ce masa komai ba."

Ita ke kai masa kunu da safe. Rannan sai ta ɗora ƙwaryar kunun a gefen kasko, ta jingina butar alwalarsa a ɗaya gefen, ta binne 'yar gyaɗa a toka. Ta ɗauka a hankali ta je ta durƙusa a ƙofar ɗakinsa, da ƙyar saboda ciki. Ni ina bayan rumbu ina gyaran igiyar da ba ta lalace ba.

"Ina kwana, Baba. Kun tashi lafiya? Ya sanyi?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Sanyi lokacinsa ne. Wannan kuma fa?"

"Don kada kunun ya huce ne, Baba."

"To, ajiye. Allah ya yi albarka, Allah ya sauke ki lafiya."

Kwana uku tana haka. Rana ta huɗu na ga Baba ya fito da kaskon a hannu ya nufi zaure. Muka haɗa ido, ya ce, "Mayar mata zan yi," alhali ɗakinta yana baya, zaure yana gaba. Rana ta biyar na shiga zauren na same shi a kan buzunsa, kaskon a tsakanin ƙafafunsa, ya baza babbar riga ta rufe shi, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. Tsofaffin suka yi ta masa tsiya, wani ya ce saura ya ɗaura zane, wani ya tambaye shi yaushe ne sunan. Shi kuwa sai tono gyaɗa yake yi daga ƙarƙashin riga yana ci shi kaɗai. Kafin hantsi biyu daga cikinsu sun matso suna miƙa hannu.

Abin da ban zata ba shi ne yadda Baba ya rungumi abin. Cikin mako guda ya hana gungume shiga kowane ɗaki a gidan. Ya kira yayana ya yi masa wa'azi a kan almubazzaranci har da jan aya. Ya taka da kansa wajen wata mai ginin tukwane a unguwar gabas, ya sa ta gina kasake, yana tsaye a kanta yana faɗa mata yadda kunnen zai kasance. A zaure kuwa cewa yake yi shi ya san wannan dabarar tun zamanin fataucinsa, tun ba a haifi uwar yarinyar ba, mantawa kawai ya yi. Mai ɗakina in na kawo mata labari sai ta yi ta dariya tana riƙe ciki tana cewa in bari, zan sa ta haihu ba lokaci ba.

Sau ɗaya zaƙewar ta kusa jawo mana. Baba ya ga garwashin girki ba ya kai masa yadda yake so, sai ya karɓo gawayi wajen maƙeri ya zuba ɗanye, ya ja tufaniya ya rufe ƙofa, ya cusa tsumma a duk inda iska ke shiga. Allah ya taimaka jinkar ɗakin ta tsufa, iska na ɗan shiga ta sama. Da asuba ya fito yana tangaɗi, ya dafe kai, ya zauna a ƙasa. Hankalina ya tashi ƙwarai. Mai ɗakina, wadda ban taɓa jin ta faɗa wa Baba abin da ya wuce gaisuwa ba, ta tsaya daga bayan danga ta ce, "Baba, ku yi haƙuri da maganata. Wuta ma numfashi take yi. In kun toshe ƙofa, naku za ta sha." Baba ya ce, "Na ji, 'yar nan." Kafin azahar ya warware, kafin la'asar ya faɗa wa duk zauren wannan magana a matsayin tasa.

Tarin itacena ya tsaya cak. Na koma kallonsa da yamma. Na auna da ido na ga in an bi a hankali zai kai, har ya yi saura kaɗan.

Surukata ta iso ana saura kwana huɗu. A mota ta zo Tudun Wada, daga nan na aika yayana da jaki ya taho da ita. Na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna na sunkuyar da kai na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani gefe, kamar yadda ya kamata. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kan tarin. Ta daɗe ba ta ɗauke shi ba, ni kuwa wannan ya ishe ni. Ranar Laraba da hantsi aka sauka lafiya, namiji. Farin cikin da na yi ba ya faɗuwa, na kasa zama na kasa tsayuwa, ga kunya ta hana in nuna, sai na je na yi ta faskare.

A nan ne lissafina ya watse. Na auna itacen ne da hannun 'yar, ban auna shi da hannun uwar ba. Matar da ta shekara hamsin tana lallaɓa kara ɗaya-ɗaya a murhu, yau ta samu ƙirya da marke har sun fi ta tsayi. Ta sa aka aro tukunyar da ta fi kowacce girma a unguwar. Wutar da take hurawa a gindinta ta isa a ƙera garma. In ta gama na mai jego sai ta ɗora nata, sannan na jariri, sannan na wankin tsumma, har kwanuka da ruwan zafi ake wanke su. Tana yi tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Garin banza, in ji masu magana, a farau-farau yake ƙarewa, sai dai wannan garin ni na san ba na banza ba ne.

Na samu mai ɗakina na ce ko za ta ɗan yi wa Inna magana. Tana kwance fes da ita, ta sha kunun kanwa, jariri a gefe. Ta ce, "Malam, ka bar ta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ƙoshi da wuta ba." Ta faɗa tana dariya, amma na ga har ranta take so a bar uwar tata ta more. Na bar ta.

Irin wannan wuta kuwa garwashi take bari tuli, safe da yamma. Baba ya naɗa kansa mai rabo. Da an sauke tukunya sai ya zo da tsohuwar fartanya ya tsaya. Da farko tsofaffin zaure ne ke zuwa, kowa da sabon kaskonsa. Daga baya matan maƙwabta suka fara shigowa, wata da kasko, wata da tsingaron tukunya, su yi barka da wanka, su ɗauki jariri, su ɗebi wuta su tafi. Ɗiban wuta a wurinmu ba a hana shi, ba a kuma godiya mai tsawo a kansa. Kafin kwana ashirin babu gidan da ba ya zuwa a unguwar.

Ban taɓa ganin ɗari mai daɗin wannan ba, ko da yake a lokacin ban yarda na faɗa ba. Zaurenmu ya koma kamar kasuwa. Kasake bakwai ko takwas a jere, wannan yana gasa rogo, wannan dankali, wancan ya ɗora ɗan tulun ruwan alwala. Babu mai tari, babu mai share hawaye, kowa yana ganin fuskar ɗan'uwansa. Har liman ya ce sahun asuba ya ƙaru tunda mutane suka samu ruwan ɗumi. Baba da surukata, waɗanda gaisuwa kawai ke haɗa su, suka ɓige da gardama ta bayan danga a kan wace toka ce ta fi riƙe wuta, ta kara ko ta marke, kowa yana ce wa ɗan'uwansa "ku dai duba". Ni kaɗai nake yawo da fuska a murtuke, ina ganin kowane kasko da ya fita kamar da guntun kafaɗata ya fita.

Ranar kwana talatin da huɗu na je bayan ɗaki da yamma, na ga abin da ya rage ba zai wuce kwana biyu ba. Na tsaya na rasa abin da ke mini daɗi. Busassun itatuwan kusa ni na ƙare su da hannuna. Abokina ya tashi da shanunsa sun yi kudu neman ruwa, babu takarkari. In na tafi daji mai nisa da jaki ɗaya, kwana biyu zan yi in dawo da abin da tsohuwar nan za ta cinye a wanka ɗaya. Tsoron kunya yana nan, amma abin da ya fi shi shi ne na leƙa na ga yarinyar nan tana shayar da ɗana, ta yarda da ni, ba ta san komai ba.

Da gari ya waye, bayan an sauko daga masallaci, na zauna ina wasa gatari. Baba ya zo wucewa da kaskonsa.

"Ina zuwa?"

"Daji, Baba."

"Zauna ka sha kunu."

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. Na ce, "Baba, itace ya ƙare. Unguwa ta sha ɗumi, ni zan sha kunya." Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba sai rannan.

Ya dube ni, bai yi fushi ba. Ya ce, "Na ce ka zauna."

Na zauna ina huci, kunun ma ban san ɗanɗanonsa ba. Rana ta ɗan ɗaga sai na ji ƙarar jan abu a ƙasa daga bakin zaure, da muryoyi, da wani yana cewa a kama ta can. Na fita. Tsohon da ya ce Baba ya ɗaura zane ne a gaba, shi da 'ya'yansa biyu, suna jan gungumen marke da igiya. Bayansa maƙeri, bayansa liman, bayansu wasu. Kowa da itacen da ya tanada don ɗari, wanda wata guda ke nan bai taɓa ba, tunda garwashin gidanmu ya ishe shi.

Na tari tsohon. Na ce, "Haba Baba, ai wuta ba a ramata."

Tsohon ya ce, "Wa ya ce maka ramawa muka zo yi? Wuri ya tare mana a tsakar gida, akuya ba ta samun wajen kwanciya. Matsa mu wuce."

Suka jibge shi a bayan ɗaki har ya kusa komawa yadda yake da. Surukata ta fito da muciya a hannu, ta duba itacen, ta duba mutanen, ta koma ciki, sai ga ta ta ɗora tukunya ta biyu. Zauren ya kwashe da dariya, ni ma na yi, har da hawaye, ban damu da wanda ya gani ba. A bakin maƙeri na ji cewa jiya bayan la'asar Baba ne ya bi gida-gida da sandarsa. Baban da na sani, ko allura bai taɓa ara a wurin maƙwabci ba.

Wanka ya kai arba'in ba a fasa ko sau ɗaya ba. Ranar ƙarshe da yamma ina zaune a gindin rumbu, tururi yana tashi ta saman danga, ana jin muryar surukata da ta mata 'yan taya murna. Baba ya zo ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya ajiye kaskonsa, wutar ciki ta mutu.

Ya ce, "Yau arba'in?"

Na ce, "Arba'in, Baba."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Ka zaci ban san dalilin kunu a kan kasko ba? Tun rana ta biyu na gane. Na zagaya na duba tarin, na ga ɓarnar da na yi maka." Ya juya tokar da tsinke. "Wankan haihuwarka a kwana talatin da ɗaya ya tsaya. Damina ce, itace duk ya jiƙe, ni kuma ina jin nauyin in roƙi mutane. Uwarka ta ce ba komai, ta ƙarasa da ruwan da bai ko tafasa ba. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba har Allah ya karɓi abarsa. Amma duk shekara in ɗari ya zo ta yi tari, sai in tuna kwana taran nan. Ban so kai ma ka ɗauki irin wannan kayan ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba. Tausayinsa ya kama ni, da kunyar duk abin da na raya a kansa a zuciyata, da wani daɗi da ban san inda zan sa shi ba. Na ce, "Allah ya jiƙanta." Ya ce, "Amin."

Sai ya share ido da bakin riga, ya turo mini kaskon da ƙafa, ya ce in tashi in ɗebo masa garwashi tun matan nan ba su kwashe ba.